Gunpei Yokoi (1941-1997) da tarihin «ƙosasshiyar fasaha» a ƙasar Japan

0. Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a yankin Gaya cikin shekarun 1990, kamar yadda muka tashi a Tunuga, zai iya tunawa da wata ƴar na'ura ta roba mai cin pil biyu, wadda ƴan tireda suke kawowa daga kasuwannin Malanbil da Kamba. A allonta wasu ƴan tubala ne suke faɗowa daga sama, mai wasa yana juya su yana jerawa. Ba mu san wanda ya ƙera ta ba, ba mu kuwa taɓa tambaya ba. Kwaikwayo ce mai araha daga masana'antun ƙasar Sin. Amma abin da aka kwaikwaya, wato wasan lantarki da ake riƙewa a tafin hannu, yana da tarihi, tarihin nan kuwa ya ratsa ta rayuwar wani injiniya ɗan Japan mai suna Gunpei Yokoi, wanda ya yi shekara 31 yana aiki a kamfanin Nintendo.

Manufarmu a wannan takarda biyu ce. Da farko, za mu bi rayuwar Yokoi da ayyukansa bi da bi, daga shigarsa aiki a 1965 har mutuwarsa a 1997. Na biyu, za mu duba taken da ya yi wa salon aikinsa da Japananci, wato kareta gijutsu no suihei shikō. A ganinmu fassarorin da aka saba yi wa wannan take da harsunan Turai sun karkatar da ma'anarsa, kuma wanda bai fahimci kalmar farko ta taken ba zai yi wa nasarorin mutumin da faɗuwarsa gurguwar fahimta.

1. Kamfanin karta na Kyoto

An kafa Nintendo a birnin Kyoto a shekara ta 1889. Wanda ya kafa shi, Fusajiro Yamauchi, sana'arsa ita ce yin wata irin karta da ake kira hanafuda: ganye 48, an raba su gida 12 bisa ga watannin shekara, kowane wata da furensa ko itacensa. Masu nazarin harshe za su so sanin cewa sunan da Japanawa suke kiran karta da shi, karuta, aro ne daga Fotugisanci carta, tun zuwan jiragen ruwan Fotugal a ƙarni na 16. Asalinta ɗaya ke nan da kalmarmu karta, ko da yake kowacce da hanyar da ta biyo.

A 1949 tattaɓa-kunnen mai kamfanin, Hiroshi Yamauchi, ya karɓi shugabanci yana ɗan shekara 21, ya kuma riƙe shi har 2002. Shi ya kawo karta ta roba a 1953, sa'an nan a 1959 ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Disney na Amurka don buga hotunansa a bayan ganyen, abin da ya fitar da karta daga gidajen caca ya shigar da ita hannun yara. Amma kasuwar ba ta daɗe ba ta cika. Bayan 1964 ciniki ya faɗi, Yamauchi ya shiga laluben wata sana'a, har da tasi da shinkafa mai saurin dahuwa, ba wadda ta karɓe shi. Cikin wannan hali ne aka ɗauki Yokoi aiki.

2. Daga gyaran inji zuwa ƙirar kayan wasa (1965-1979)

An haifi Yokoi a Kyoto ran 10 ga Satumba 1941. Ya karanci ilimin lantarki a Jami'ar Doshisha, a nan cikin birnin, ya shiga Nintendo a 1965. Aikin da aka ba shi shi ne kula da injunan da suke buga karta. Aiki ne maras yawa, saboda haka yakan yi ta ƴan ƙere-ƙerensa a ɗakin gyara. Wata rana shugaban kamfani ya gan shi da wani hannu na sanduna gicciye-gicciye, wanda in aka matse gindinsa sai ya miƙe ya cafko abu daga nesa. Maimakon faɗa, sai aka umurce shi ya mai da shi abin sayarwa. Ultra Hand ke nan, wanda ya fito a 1966, aka sayar da fiye da miliyan ɗaya.

Daga nan aka mai da shi sashen ƙirƙira. Misalai uku daga wannan zamani sun isa su nuna yadda yake tunani. Na farko, Love Tester na 1969: ma'aunin lantarki ne na yau da kullum, irin wanda kowane ɗalibin injiniya ya sani, sai dai an ce yana auna soyayya. Saurayi da budurwa kowa ya riƙe ƙarfe ɗaya, su kama hannun juna, allura ta motsa. Abin da aka sayar a gaskiya shi ne dalilin riƙe hannu, a ƙasar da ake jin kunyar yin haka a fili. Na biyu, bindigar haske ta 1970. Wani injiniyan kamfanin Sharp, Masayuki Uemura, ya zo tallar ƙwayoyin da suke mai da hasken rana lantarki. Yokoi ya ga cewa ƙwayar da take jin hasken rana za ta ji hasken da aka harbo mata daga bakin bindigar wasa, sai ya mai da ita abin bara. Daga baya Uemura ya bar Sharp ya koma Nintendo. Na uku, motar wasa Lefty RX ta 1972, wadda ake tuƙawa daga nesa. Irin waɗannan motoci suna da tsada a lokacin. Yokoi ya rage kuɗin ta hanyar cire juyawa dama baki ɗaya, motar hagu kaɗai take juyawa, tunda a filin tsere mai kewaye ba a bukatar fiye da haka.

A duk misalan nan babu wani abin lantarki da Yokoi ya ƙago. Abin da ya kawo shi ne amfanin da mai abin bai hango ba.

Ba kullum aka ci riba ba. A 1973 kamfanin ya faɗaɗa bindigar haske ta zama babban filin harbi, aka kakkafa shi a gidajen wasan bolin da kasuwarsu ta mutu. Cikin shekarar ne rikicin man fetur ya ɓarke, masu oda suka janye, aka bar Nintendo da bashi mai nauyi wanda ya bi shi har ƙarshen shekarun 1970.

3. Game & Watch: na'urar lissafi ta zama abin wasa (1980-1991)

Domin a gane abin da ya biyo baya, sai a san halin da masana'antun lantarki na Japan suke ciki. Tun farkon shekarun 1970 kamfanoni da dama, musamman Sharp da Casio, suka shiga gasar ƙera na'urar lissafi ta aljihu. Casio ya karya farashi a 1972, Sharp kuma a 1973 ya fito da mai allon ruwan kiristal, wanda ake taƙaitawa LCD, allon da ba ya cin wuta sosai. Kafin ƙarshen shekarun nan gasar ta sa allon da ƙwaƙwalwar da take sarrafa shi sun yi araha, an san duk cututtukansu, masana'antu kuma suna neman inda za su kai su.

Kamar yadda Yokoi da kansa ya ba da labari, a cikin jirgin ƙasa mai gudu na Shinkansen ne ya ga wani ma'aikaci yana latse-latsen na'urar lissafi don kashe lokaci. Ya ce ya gaya wa Yamauchi shawarar ne ran da aka sa shi tuƙa motar shugaban saboda direba ba shi da lafiya, shugaban kuma ya isar da ita ga takwaransa na Sharp a taron da suka je. Ko da an yi wa labarin ado wajen maimaitawa, dabarar da take ciki a fili take. A allon na'urar lissafi kowace lamba ƴan sanduna bakwai ne, waɗanda ake kunnawa ana kashewa. Ƙwaƙwalwar ba ruwanta da siffar abin da take kunnawa. In aka zana hannun mutum ko ƙwallo a gurbin sanda, aka kunna su ɗaya bayan ɗaya, ido zai ga motsi.

Na farkon jerin Game & Watch, mai suna Ball, ya fito ran 28 ga Afrilu 1980 a kan yen 5,800. Kowace na'ura wasa ɗaya take ɗauke da shi, da agogo a gefe, daga nan ne sunan ya samo asali. An yi ta ne don manya, ƴar ƙarama yadda za a ɓoye ta a tafin hannu cikin jirgi, amma yara ne suka fi saye. Kafin a rufe jerin a 1991 an fitar da wajen iri 60, an sayar da miliyan 43.4, fiye da kashi biyu cikin uku a wajen Japan. Ribar ce ta biya bashin kamfanin. Har a Tarayyar Sobiyet an kwaikwaye ta da sunan Elektronika.

Abu biyu suka ƙara wa wannan zamani muhimmanci. Na ɗaya, a 1981 Yokoi ne aka ɗora a kan wani matashi mai zane, Shigeru Miyamoto, wanda ya shiga kamfanin a 1977, lokacin da yake tsara wasan Donkey Kong don manyan akwatunan wasa na jefa kuɗi. A wasan nan ne ɗan tsalle da aka sa wa suna Mario daga baya ya fara bayyana. Na biyu, da aka zo mai da Donkey Kong cikin Game & Watch a 1982, sai aka tarar sandar tuƙi ba za ta shiga na'urar da ake ninkewa a rufe ba. Sashen Yokoi ya maye gurbinta da wani shimfiɗaɗɗen maɓalli mai siffar gicciye: sama, ƙasa, hagu, dama, duk a ƙarƙashin babban yatsa, ba sai an duba ba. Da Uemura ya ƙera Famicom, na'urar wasa ta haɗawa da talabijin, wadda ta fito ran 15 ga Yuli 1983, wannan gicciye aka sa mata, kuma har yau yana jikin akasarin na'urorin wasa. Sashen da Yokoi yake shugabanta ya ci gaba da fitar wa Famicom wasanni, cikinsu har da Duck Hunt a 1984 da Metroid a 1986.

4. Game Boy (1989)

Sunan Yokoi ya fi tafiya da Game Boy, wadda ta fito a Japan ran 21 ga Afrilu 1989 a kan yen 12,500, a Amurka cikin Yuli na shekarar, a Turai kuma a 1990. Ba ita ce ta fara kawo wasan hannu mai canjin kaset ba, don kamfanin Milton Bradley na Amurka ya gwada haka da Microvision tun 1979. Abin da ya bambanta ta shi ne zaɓin da aka yi wajen haɗa ta. Ƙwaƙwalwarta mai bit 8 ce, daga dangin waɗanda aka sani tun shekarun 1970. Allonta ɗigo 160 ne a kwance, 144 a tsaye, ba launi sai inuwa huɗu a kan kore-kore, ba shi kuma da fitila a baya.

Abokan gasa sun bi wata hanya dabam. Atari ya fito da Lynx a 1989, Sega ya fito da Game Gear a 1990, dukansu masu launi da hasken allo. Sai dai kowace tana cin pil shida cikin awa uku zuwa biyar, alhali Game Boy tana kai awa 15 zuwa 30 da pil huɗu, gwargwadon irin pil ɗin. A Amurka an sayar da Game Boy wajen dala 90, Lynx kuwa ninkin haka. Sakamakon bai bar gardama ba: Game Gear ta tsaya a wajen miliyan 10 da ɗoriya, Game Boy kuwa, in aka haɗa da mai launi da ta gaje ta a 1998, ta kai miliyan 118.69. Wanda ya taɓa zama inda kuɗin pil yake da nauyi a aljihu ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Hujjar Yokoi game da launi ita ce, in wasa ya yi daɗi, mai wasa yakan cika sauran da zuciyarsa. Mu da muke da dara ba baƙin wannan magana ba ne: gurabe 30 a cikin rairayi, wannan da tsinke 12, wancan da tsakuwa 12, manya su wuni a kai. Wasan da ya fi ɗaga Game Boy ma irin wannan ne, wato Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, wani ɗan kasuwa mai suna Henk Rogers ya samo wa Nintendo izininsa a 1989. An sayar da kaset ɗinsa wajen miliyan 35. Shi ne wasan tubalan nan da muka ambata a gabatarwa. Ba ya bukatar launi, ba ya kuma bukatar a iya karanta wani harshe.

A nan ya kamata mu yi gyara ga labarin da aka saba bayarwa, wanda yake mai da Game Boy aikin mutum guda. Mataimakin Yokoi, Satoru Okada, ya bayyana daga baya cewa shugaban nasa ya so a yi ƴar na'ura mai sauƙi, magajiyar Game & Watch, shi kuwa ya nace a yi mai ƙarfi irin Famicom, har Yokoi ya sakar masa ragama. Binciken Florent Gorges, Bafaranshen da ya rubuta tarihin Nintendo cikin littattafai da dama, ya ƙarfafa muhimmancin rawar da Okada ya taka. Haka kuma a 1988 aikin ya kusa rushewa, don Yamauchi ya duba samfurin ya tarar ba a ganin allon da kyau. Sharp ne ya ceci lamarin da wani allo ingantacce. Game Boy ta fito ne daga ja-in-ja tsakanin mai son sauƙi da mai son ƙarfi, da kuma masana'antar da take kusa, a shirye.

5. Kalmar kareta da fassararta

Yokoi ya bayyana salon aikinsa a littafin hirarraki da ya yi da Takefumi Makino, wanda aka buga a 1997. Taken, kamar yadda muka faɗa, shi ne kareta gijutsu no suihei shikō. Gijutsu na nufin fasaha. Suihei shikō, a zahiri «tunani a kwance», shi ne yadda Japanawa suka fassara sunan da Edward de Bono, ɗan tsibirin Malta, ya ba wata hanyar tunani a 1967, wadda Faransanci yake kira pensée latérale: maimakon a ci gaba da haƙa rami ɗaya, a koma gefe a haƙa wani. Matsalar tana ga kareta.

Kalmar ta fito daga aikatau kareru, wanda ake faɗa wa itace in ya bushe. Saboda haka masu fassara da Ingilishi suka fi zaɓar kalma mai ma'anar «yanƙwananne», masu Faransanci kuma suka saba cewa technologies désuètes, wato fasahar da aka daina yayi. Amma a bakin injiniyoyin Japan, fasahar da aka ce ta yi kareta ita ce wadda aka daɗe ana aiki da ita har kurakuranta suka gama fitowa, farashinta ya sauka, aka san iyakarta. Ana kuma faɗar kalmar ga gwanin da hannunsa ya nuna, ya bar burga. Yabo ne ke nan a wannan muhalli.

Misali mafi kusa gare mu yana cikin dazuzzukan giginya na yankin Gaya. Magini ba ya yin azara da ƙaramar giginya, don cikinta bai yi ƙwari ba. Tsohuwa yake nema, wadda ta ƙosa, a tsaga ta, ta bushe, sa'an nan ta ɗauki nauyin soro shekara da shekaru, gara ba ta cin ta da sauƙi. Bushewar azara ita ce cikar amfaninta. Don haka muke ba da shawarar a fassara kareta gijutsu da «ƙosasshiyar fasaha», kishiyarta kuma «ɗanyar fasaha». Taken baki ɗaya sai ya zama «nema wa ƙosasshiyar fasaha sabon aiki». Mun guji «tsohuwar fasaha» da gangan, don allon LCD bai kai shekara goma a kasuwa ba lokacin da aka yi Game & Watch. Abin lura a nan ƙosawa ne, ba yawan shekaru ba.

6. Virtual Boy, barin aiki da mutuwa (1995-1997)

Da wannan ma'auni za a iya duba babbar faɗuwar Yokoi. A farkon shekarun 1990 wani kamfanin Amurka, Reflection Technology, ya nuna wa Nintendo wata dabara: jerin ƙananan fitilu ja da madubi mai kaɗawa da sauri, waɗanda suke zana hoto a idon mai kallo. In aka ba kowane ido nasa, sai a ga hoton da zurfi. Yokoi ya so dabarar ƙwarai. An tsaya a kan ja ne saboda fitilu ja su ne masu araha, masu shuɗi kuwa a 1993 aka fara samun masu haske sosai, da tsada.

Virtual Boy ta fito a Japan ran 21 ga Yuli 1995 a kan yen 15,000, a Amurka kuma cikin Agusta. An so ta zama abin ɗaurawa a fuska, amma saboda nauyi da tsoron haɗari aka kafa ta a kan ƙafafu, mai wasa ya sunkuya ya cusa fuska. A watan nan ne dokar ɗora wa masu ƙira alhakin cutarwar kayansu ta fara aiki a Japan, don haka aka cika kwalinta da gargaɗi game da ido, abin da ya tsorata iyaye. Hankalin kamfanin kuma yana kan Nintendo 64, wadda ta fito a 1996. Wasanni 22 kacal aka yi mata, aka sayar da wajen 770,000, aka dakatar da ita a Japan kafin shekarar ta ƙare.

Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin shaidar cewa salon Yokoi ya gaza. Mu a namu ganin, ya saɓa wa salon ne. Fitilar ja ƙosasshiya ce, gaskiya, amma nuna hoto mai zurfi dab da ido ɗanye ne shakaf a 1995: ba a gama sanin yadda jiki yake karɓar sa ba, ba a kuma san irin wasan da ya dace da shi ba. Ƙari a kan haka, na'urar ta raba mai wasa da na kusa da shi, ba mai iya leƙa abin da yake gani. Game Boy kuwa ana miƙa ta hannu zuwa hannu, ana kuma haɗa biyu da waya. Wannan waya ce Satoshi Tajiri ya gina wasan Pokémon a kanta, wanda ya fito ran 27 ga Fabrairu 1996, ya farfaɗo da na'urar tana da kusan shekara bakwai.

Yokoi ya kammala Game Boy Pocket, ƙaramar ƙira da ta fito cikin Yuli 1996, sa'an nan ya bar Nintendo ran 15 ga Agusta. Jaridu sun danganta tafiyarsa da Virtual Boy. Shi kuwa, a wata maƙala da ya buga a mujallar Bungei Shunju cikin shekarar, ya musanta haka. Ya daɗe yana cewa yana so ya ajiye aiki in ya kai shekara 50 don ya koma ƙirar ƙananan abubuwa. Ya kafa ƙaramin kamfani mai suna Koto a Kyoto, ya shiga ƙera wa Bandai wata na'urar hannu. Ran 4 ga Oktoba 1997, a kan babbar hanyar Hokuriku cikin lardin Ishikawa, motar da yake ciki ta bugi wata. Da ya fito duba ɓarnar sai wata motar ta kaɗe shi. Ya mutu yana da shekara 56. Na'urar da ya bari, WonderSwan, ta fito a watan Maris 1999 a kan yen 4,800: ba launi, pil ɗaya tak, tana kai awa 30. Ɗaya daga wasanninta na farko an sa masa suna Gunpey don tunawa da shi.

7. Kammalawa

Salon ya rayu bayan mai shi. Nintendo DS ta 2004 ta komo da allo biyu masu ninkewa irin na Game & Watch ta 1982; Wii ta 2006 ba ta kai abokan gasarta ƙarfi ba, amma ta haura miliyan 100. A wani fagen dabam, wayar Nokia 1100 ta 2003, mai tocila da allo maras launi, wadda masu karatu da yawa suka riƙe, ta haura miliyan 200 bisa dalilai masu kama da na Game Boy: araha, ƙwari da jimirin caji.

Daga abin da ya gabata muna fitar da abu uku. Na farko, gwanintar Yokoi tana ga zaɓi da ragewa: ya san abin da zai cire, kamar juyawa dama ko launi, ba tare da daɗin wasa ya tafi ba. Na biyu, bai yi aiki shi kaɗai ba. Uemura, Okada, Miyamoto da Pajitnov kowa da hannunsa a abin da ake jingina masa. Na uku shi ne wanda ya fi shafar mu. Akwai masu karanta tarihin nan su mai da shi abin lallashi ga ƙasashe irin namu, su ce ba sai mun mallaki sabuwar fasaha ba, abin da wasu suka yar ya ishe mu. Wannan karatu ya ginu ne a kan fassarar désuètes, tarihin kuwa bai goyi bayansa ba. Allon da Yokoi ya ɗauka ba daga juji ya tsinto shi ba. A ƙasarsa aka ƙera shi, kamfanin Sharp yana Osaka, ƙasa da kilomita 60 daga Kyoto, kuma da allon Game Boy ya ba da matsala injiniyoyinsa ne suka sake shi cikin ƴan watanni. Shi kansa Yokoi injiniya ne mai digiri, wanda ya san cikin abin da yake sarrafawa. Mai tsaga azara yana cin moriyar giginyar da ta yi shekaru da dama a tsaye kafin shi. Inda ba a raya dajin ba, ba abin da zai tsaga.

Tambayar da ta rage mana, ke nan, ita ce wace fasaha ce ta ƙosa a hannunmu, ta yadda masu gyaran waya da rediyo na kasuwanninmu suka san cikinta da bayanta, kuma wane aiki ne ba a nema mata ba tukuna. Amsar tana bukatar bincike a fili, wanda ya wuce iyakar wannan takarda. Kalmomin da muka ba da shawara a sashe na 5, «ƙosasshiyar fasaha» da «ɗanyar fasaha», muna miƙa su ga abokan aiki da ɗalibai don a tattauna, musamman masu jin karin harshen Kabi da Arewa, inda wataƙila akwai kalmar da ta fi su dacewa a bakin magina da masassaƙa.